A Kira Mai Girki

Ina tsaye a bakin murhu ina tuƙin tuwon dawa, Manaja Faisal ya leƙo kicin ya ce, "Mahfuza, kin yi baƙo a ƙofar baya. Ya ce ba inda za shi sai ya gan ki."

Ban tambayi ko wane ne ba. Mutum ɗaya ne duk faɗin Katsina Faisal ke yatsine wa fuska haka, tun ranar da ya ce yana sona na ce mashi ya yi haƙuri, an riga shi.

Na bar wa abokiyar aikina muciya na fita.

Rilwanu na tsaye a jikin buhunan dawar da aka sauke daga kasuwar Batsari da safe. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi mashi yawa. Wata biyu rabona da ɗaukar wayarsa, amma ina ganinsa sai da gabana ya faɗi, don ita zuciya ba ta da kunya.

"Ina kwana, Mahfuza."

"Lafiya. Faɗi abin da ya kawo ka, na bar tuwo a wuta."

Ya sunkuyar da kai. "Yau bayan Azahar Baffa Mamman zai ci abinci a gidan nan."

Na ce ya sake faɗi. Ya sake.

Bari in gaya maku wane ne Baffa Mamman, don kada wani ya ce Mahfuza ta cika riƙo. Yayan mahaifin Rilwanu ne. Shi ya riƙe shi tun yana maraya a Zakka ta ƙasar Safana, shi ne kuma waliyyinsa. Shekara biyu da suka wuce, muna can Ruma, kafin 'yan bindiga su ƙone mana rumbuna su watso mu birni, shi ya jagoranci dattawa uku a kan babura suka zo nema wa Rilwanu aurena.

Innata, Amariya, tun asuba ta tashi ranar. Babana Malam Lauwali ya yanka zabi biyu da hannunsa. Ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da ta yi da kanta, ta kwarara man shanu, ta jera akussa huɗu ta rufe su da sababbin faya-fayai aka kai zaure.

Ana cikin gaisawa sai ga Kawu Bulus, ƙanen Inna, ya shigo yi masu barka da zuwa. Kakanninmu na wajen uwa Maguzawa ne. Da gidan ya bar tsohon addini, Inna ta bi masallaci, Kawu Bulus ya bi coci, kuma ba wanda ya daina cin tuwon wani.

Baffa Mamman na jin sunan Bulus, sai ya dubi akussan ya ce wa babana, "Wa ya yi yankan?"

Baba ya ce shi ne.

"Wa ya yi girkin?"

Aka ce Amariya, yayar wannan da ya fita.

Sai ya shafa gemu ya ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe muke."

A ƙasarmu ko maƙiyinka ne ya aje maka akushi, kakan buɗe ka gutsuri loma guda don kara. Su ko faifan ba su ɗaga ba. Haka aka kwaso akussa huɗu aka ratsa tsakar gida da su, a gaban matan unguwa da suka taru suna jiran rangaɗa guɗa. Inna ta zauna ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, tana duba ko akwai wanda aka taɓa. Baba kuwa daga ranar bai sake zama a majalisar ƙofar masallaci ba, har Allah ya karɓi abinsa a damunar da ta biyo.

Duk sadda na ɗauko zancen sai Inna ta ce, "Haƙuri, ɗiyata. Mai haƙuri shi kan dafa dutse." Ni kuwa a raina cewa nake, a dafa ɗin, amma da zafinsa zan miƙa wa mai shi.

To, wannan mutumin ne aka ce yau zai zo ya zauna a inda ni da uwata ke girki.

Na dubi Rilwanu na ce, "Mi ya haɗa Baffanka da gidan abinci a birni? Ko tuwon Zakka ya ƙare?"

Ya ce, "Ya samo mani wata. Ramlat sunanta, ɗiyar Alhaji Zainulabidin mai sayen hatsi a wajenmu. Gaisuwa suka zo yi. Alhajin ne ya ce a nan zai saukar da su."

Na san Alhajin. Ciwon suga ya raba shi da shinkafa, kullum da rana yana nan kan tuwon dawa da dambun zogale.

"Allah ya sanya alheri," na ce, na juya zan shiga.

Ya sha gabana. Idanunsa sun ciko. "Wallahi ban amsa ba, Mahfuza, kuma ba zan amsa ba. Na samu Liman da dangin mahaifiyata, ran Juma'a za su zauna da shi. Ya fara saukowa, na ga alama. Kwana uku kawai nake roƙo."

"Shekara biyu na ba ka."

"Na sani. Ki ƙara mani ukun nan. Abu ɗaya nake so, kada ya gan ki yau, kada ya ga Inna. Na san halinsa. In ya ji kunya a gaban Alhaji, har ya mutu ba zai yarda a ambaci sunanki a gidanmu ba. Ni kuma shi ya raine ni, ba ni iya tsallake maganarsa."

Hawaye suka zubo mani, na bar su suna zuba. "Wato kunyar Baffanka ita ce kunya. Ta uwata fa? Ta ubana da ya mutu yana sunkuyar da kai fa? Ka zo ka ce mu ɓuya a bayan tukwane kamar mun yi sata, don wanda ya tozarta mu ya ci ya ƙoshi cikin kwanciyar hankali."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa."

Ya durƙusa a gabana, namiji guda, a kan ƙasar da ake zubar da ruwan wanke-wanke. "In kika tona yau, kin raba mu, Mahfuza. Ki zaɓa, ni ko huce haushi. Ba za ki samu duka biyun ba."

Na goge fuskata da gefen zane na ce, "Na ji."

Ban ce na yarda ba. Shi ne ya ɗauka haka, ya tashi yana ta godiya.

*

Gidan abincinmu Murhun Kaka ake ce mashi, kuma duk abin da muka ci a ƙauye don babu, nan shi ne abin gayu. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, an rataye ƙore da ludaya a bango. Manyan ma'aikata za su zo da motoci su zauna kan kwaɗon rama da ɗanwake, sai sun ɗauki hotonsa a waya kafin su yi bisimilla. Dawa da rogo daga Batsari ake kawo mana, man shanu daga Fulanin da suka gudo gefen gari, daddawa kuwa Inna ke yin ta a filin baya, ita ce kuma sirrin gidan duka.

Ina komawa kicin na riga na gama ƙulla abin da zan ƙulla.

Na san mutanen Zakka, na san dattawanmu. Dattijon ƙauye in ya ci abinci ya ji daɗinsa, ba ya tashi sai ya ce a kira mai girki ya sa mata albarka. A birni ba a yin haka, ka ci ka goge baki ka kama gabanka. Amma Baffa Mamman bai san birni ba. Ni dai aikina in tabbata ya ci ya ji daɗi, shi da bakinsa zai kira ni.

Na samu Faisal na gaya mashi komi, ban rage ba. Ya saurara yana kaɗa makullin mota a yatsa, bakinsa har kunne.

"Ki bar mani sauran," ya ce. "A akushi za a kai masu, da faifai. Yana cewa a kira mai girki zan zo in ɗauke ki da kaina."

Na san ba don Allah yake taya ni ba. Ban damu ba, ranar ko da Shaiɗan ne zan haɗa kai.

Na zaga baya na samu Inna tana shanya kalwa a tabarma. "Inna, manyan baƙi za mu yi. Manaja ya ce ke za ki kaɗa miyar kuka da hannunki, da zabi, irin ta gida."

"Su wane ne?"

"Baƙin Alhaji mai ciwon suga."

Ta wanke hannu ta tashi tana cewa Allah ya ba shi lafiya, bawan Allah mai gaisuwa. Na bi bayanta da kallo na ji wani abu ya ɗan soke ni, amma na danne. Na ce ai don ita nake yi.

Bayan Azahar suka iso. Ina leƙe ta tagar da muke miƙa abinci. Alhaji a gaba, sai Baffa Mamman da wani dattijo ɗaya, sai Rilwanu a baya riƙe da sandar Baffan. Baffa ya tsufa fiye da yadda na san shi, yanar ido ta rufe mashi ido ɗaya, yana tafe yana laluben ƙasa da ƙafa saboda santsin tayil. Ban ji tausayinsa ba ko na ƙwayar zarra.

Suka zauna a tabarma. Rilwanu ya koma can nesa kusa da ƙofa, don ba ya iya cin abinci a gaban wanda ake so ya zama surukinsa.

Aka jera akussa. Baffa ya wanke hannu, ya ɗaga faifai. Ƙamshin man shanu da daddawa ya tashi har inda nake. Ya tsaya yana shaƙa, sannan ya yi bisimilla ya gutsura.

Jama'a, na ga cin tuwo a rayuwata, amma ban taɓa jin daɗin kallon wani na ci ba irin na ranar. Loma ta farko ya lumshe ido. Ta biyu ya gyara zama ya naɗe hannun riga. Ya tsotse ƙashin zabo har ya tauna shi. Miya na bin gemunsa bai sani ba. Kowace loma ya kai baki sai in ce a raina, ci, Baffa, ci, wannan ta Babana ce, wannan ta Innata ce, wannan ta matan unguwa ce da suka koma gida da guɗarsu a baki.

Aka ƙaro mashi malmala. Ya cinye, ya sa yatsa ya suɗe akushin tas.

Sai na ɗaga ido muka haɗa da Rilwanu. Ya hango ni ta tagar. Ya ɗora hannu a ƙirji ya girgiza kai a hankali, hawaye na bin kumatunsa, yana gogewa da hula don kada a gani.

Na tuna ranar da 'yan bindiga suka shigo mana, shi ne ya taso daga Zakka a kan babur ta hanyar daji, ya ɗauko ni da Inna, ana harbi a bayanmu. Na ce wa kaina, Mahfuza, ai kin gani da idonki, ya ci ya suɗe. Ya isa. Ki bar wa Allah sauran ki tsira da mijinki.

Na ja Faisal gefe. "Na fasa. In ya nemi mai girki ka ce ta tashi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To," ya ce.

Ban rufe baki ba na ji muryar Baffa ta cika ɗakin. "Yaro, zo nan. Wa ya yi wanga girki?"

Faisal ya je ya rusuna. "Ma'aikatanmu ne, Baba."

"A'a. Wanga ba hannun yara ba ne. Hannun tsohuwa ne, kuma tsohuwar wajenmu. Rabona da miya irin wagga tun rasuwar mahaifiyata. A kira mani ita in sa mata albarka."

Alhaji ya yi dariya. "Malam Mamman, nan birni ne, ba a kiran masu girki."

"Ni ba ni cin abincin mutum in tashi kamar akuya. A kira ta."

Na ja da baya na tsaya a bayan ƙofa ina jiran in ji Faisal ya ce ta tashi. Sai na ga ya shigo kicin, ya wuce ni ko kallo, ya nufi filin baya. Kafin in gane abin da yake yi, ga shi ya fito da Inna, tana gyara mayafi tana tambaya ko gishiri ne ya yi yawa.

Na riƙe mata hannu. "Inna, kada ki je."

"Baƙo ya kira ni in ƙi zuwa? Sake ni, ke."

Faisal ya raɗa mani, "Tsohuwa ya ce, ba yarinya ba." Ya yi gaba abinsa.

*

Inna ta durƙusa nesa da tabarmar, kanta a ƙasa, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ta gaishe su da gajiya, ta gaishe su da hanya. Baffa ya amsa yana ƙanƙance idonsa mai gani, bai gane ta ba.

Ita kuwa yana buɗe baki ta shaida muryar, na ga bayanta ya miƙe.

Ya ɗaga hannuwa sama. "Baiwar Allah, Allah ya yi wa hannun nan naki albarka. Wanga hannu na gidan mutunci ne, daga ci na gane. Kina da ɗiya mace?"

"Ina da guda," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa.

"To, duk gidan da ya samu ɗiyarki ya yi arziki. Allah ya kai ta gidan da za a san darajarta. Wanda duk ya wulaƙanta ku, Allah ya wulaƙanta shi."

Alhaji da ɗaya dattijon suka ce amin. Har mutanen da ke cin abinci a gefe suka taya su, suna murmushi, abin ya burge su.

Inna ta shafa. Sannan ta ce, "Malam ya ƙoshi?"

"Na ƙoshi har na suɗe akushi."

"Alhamdu lillahi. Sai dai ban ji Malam ya tambayi wanda ya yi yankan ba."

Hannunsa ya tsaya a kan gemu.

Ta yaye mayafin daga fuskarta. Ban taɓa jin Innata ta yi magana a gaban maza da kai a ɗage ba sai ranar. "Ni ce Amariya, matar marigayi Lauwali na Ruma, yayar Bulus. Hannun nan shi ne na wancan karon, ban sake wani ba. Daddawar da ka yaba kuma, kalwarta daga ɗorawar gonar Bulus ta fito, shi ya aiko mani da ita."

Baffa ya dubi akushin da ke gabansa, ba ko ɗigon miya a ciki.

Alhaji ya ce, "Wai mi ke faruwa ne? Kun san juna?"

Nan fa shaiɗanin da na kwantar ya tashi. Na ce tunda ta fashe, bari ta fashe da kyau. Na fito daga kicin da zanen aikina, na durƙusa kusa da Inna na gaida Alhaji, na kwashe labari kaf na gaya mashi. Babura huɗu, zabi biyu, akussa huɗu da aka mayar ba a ɗaga faifai ba. Na gaya mashi yadda ubana ya ƙare. Na nuna Rilwanu da ke bakin ƙofa na ce ga wanda aka zo nema wa auren nan, shekara huɗu muna tare, kuma ko yau da safe sai da ya durƙusa mani.

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, ban kuma rage murya ba. Ina yi ina kallon Baffa Mamman yana ƙanƙancewa a cikin babbar rigarsa, kuma wallahi na ji daɗi. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ba a dai faɗi daɗinta ba ne.

Alhaji ya jawo takalmansa.

"Malam Mamman, shekara guda ke nan hannun baiwar Allah nan ke riƙe da lafiyata. In abincinta bai ciwuwa, to ni ma gidana bai shiguwa, don jikina duka girkinta ne. Ramlat kuma ba ta rasa masoya ba, balle in ba wanda zuciyarsa ke wani wuri. A bar maganar nan."

Ya yi wa Inna sallama da girmamawa ya fita.

Na saci kallon Rilwanu. Ya jingina da bango ya rufe fuska da hannu. Na ce shi ke nan, Mahfuza, kin huce, kin kuma rasa shi. Na jira Baffa ya tashi ya yi rantsuwar da za ta raba mu har abada.

Bai tashi ba. Ya cire hularsa ya aje a tabarma, kansa fari fat.

"Amariya," ya ce. "Na yi addu'a da bakina, mutane sun ce amin, ba ni iya maido ta. Ni na tsine wa kaina. Na ci tuwonki, kuma ban taɓa cin wanda ya fi shi tsarki ba. Na zalunce ku. Ki yafe mani don Allah." Ya juya wajen ƙofa. "Rilwanu, matso. Ran Juma'a za mu je mu samu dangin Lauwali, mu samu Bulus, a ba mu auren yarinyar nan. Ni zan fara sa hannu a akushi."

Ban san sadda kuka ya ƙwace mani ba. Rilwanu ya rarrafo ya kama ƙafar Baffansa yana godiya, yana kallona yana dariya da hawaye. Na ce Allah mai iko, ashe ana samun duka biyun. Faisal na tsaye a gefe, fuskar nan kamar an aiko mashi da saƙon mutuwa.

Sai Inna ta miƙe tsaye.

"Malam Mamman, tuwo dai ka ci, Allah ya sa ya zame maka lafiya. Yafiya kuwa ba a hannuna take ba. Ka je Ruma, maƙabartar gabas da gari, ka nemi Lauwali, shi ka kunyata a zaurensa. In ya yafe maka, ni ma na yafe." Ta gyara mayafinta. "Kada ku wahalar da baburanku ran Juma'a. Ba ni da ɗiyar da zan ba Zakka."

Ta juya ta shige kicin.

*

Na same ta a filin baya, zaune a kan turmi, hannuwanta a cinya. Na zube a gabanta na kama ƙafafunta.

"Inna, ya fa yarda. Kin ji da kunnenki, ya roƙi gafara a gaban mutane. Mi ya rage kuma?"

Ba ta dube ni ba. "Sadda kika ce in kaɗa miya, kin san ko su wane ne baƙin?"

Na sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake."

"Na sani, Inna. Don ke na yi. Don in rama maki."

"Don ni." Ta jinjina kai. "Kin sa na tsaya a kan ƙafata awa biyu ina yi wa wanda ya kashe mani miji girki, ina ɗanɗanawa ina ƙara gishiri don ya ji daɗi. Kin sa na durƙusa a gabansa. Don ni."

"Na fasa daga baya, wallahi na fasa. Faisal ne..."

"Faisal ne ya haife ki?"

Kuka ya ci ƙarfina. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta yi magana, a hankali, ba faɗa.

"Kina tsammani haƙurin da nake ba ki, don ban ji zafi ba ne? Shekara biyu ina binne abin nan, kullum in tashi in ƙara taka shi da ƙafa. Na ce in Allah ya yi kin shiga gidansu, ki shiga ba tare da na taɓa haɗa ido da mutumin nan ba, don na san ranar da na gan shi ba zan iya ba. Da ba ki sa na gan shi ba, da ran Juma'a sai in ce dangin ubanki su ba da ke, ni in kau da kai. Yanzu na gan shi. Na ga bakin da ya ce a ƙoshe yake yana maiƙo da man shanuna."

"Inna, Rilwanu bai yi maki komi ba. Shi ya fito da mu daga Ruma."

"Allah ya saka mashi. Amma a gidan Mamman zai aje ki, Mamman zai yi wa 'ya'yanki huɗuba, ni kuma in zo suna in durƙusa in gaishe shi. Ba da raina ba." Sai yanzu ta dube ni, idanunta a bushe. "Ki saurara da kyau, Mahfuza, sau ɗaya zan faɗa. In kika auri yaron nan, ina raye ko bayan raina, ban yafe maki nonon da kika sha ba."

Na kira sunanta, na roƙe ta da Allah da Annabi, na roƙe ta da kabarin Baba. Ta zare ƙafafunta daga hannuna ta koma kan tabarmar kalwa ta ci gaba da shanya.

Daga cikin kicin na jiyo muryar Rilwanu yana sallama. Ya kai Baffa mota ya dawo da gudu, har yana haki.

"Mahfuza, kina ina? Kada ki damu da maganar Inna, ɓacin rai ne, za ta huce. Baffa ya ce ko sau goma ne zai zo. Mun yi nasara, Mahfuza, fito ki ji."

Na dubi Inna. Ba ta ɗago ba.

"Tashi ki je," ta ce. "Ke kika iya magana a gaban mutane. Ki gaya mashi da bakinki."

Na dafa turmin na miƙe. Yana tsaye a bakin ƙofar kicin da takalmansa a hannu, yana ganina ya washe baki.